Canobil: Inda Na'ura ke Nuna wa Mutum Wurin Taka Ƙafa

Kafin yaƙin 2022 ya toshe hanya, ana barin baƙi su shiga yankin Canobil da ke arewacin Yukren, kuma a lokacin ne na leƙa. A shingen Dityatki ake duba fasfo, a gindaya wa mutum sharuɗɗa: riga mai dogon hannu, ban da zama a ƙasa, ban da cin abinci a fili. Daga nan an faɗa yankin kilomita 30 da aka kwashe mutanensa bayan tukunya ta huɗu ta tashar nukiliya ta yi bindiga a daren 26 ga Afrilu, 1986.

Kyan wurin ne ke yaudarar baƙo. Daji ya yi kore shar, tsuntsaye na ta kuka, shi kuwa tururin nukiliya ba wari, ba launi. A kan kwalta na'urar awon da ke hannun ɗan jagoranmu ta yi tsit. Da ya sunkuya da ita kan gansakuka a gindin wata bishiya, gaban tsohuwar makarantar yara ta ƙauyen Kofaci, sai ta hau tsuwa ba ƙaƙƙautawa. Tsakanin wuraren nan biyu taku kaɗan ne. Gidajen ƙauyen kuwa tuni aka rushe su aka binne.

Birnin Piripiyat, kilomita uku daga tashar, mutum kusan 49,000 ne ke zaune cikinsa. Sai da aka yi wajen awa 36 kafin a kawo motocin kwashe su, aka ce musu kwana uku za su yi su dawo. Yau bishiyoyi sun cinye tituna, babban lilon da aka shirya buɗewa ranar 1 ga Mayu ya yi tsatsa a tsaye.

A ganina, rufa-rufar hukuma ta ƙara wa masifar nauyi. Sinadarin aidin mai guba ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara ba wanda ya hana, daga baya dubbai suka kamu da sankarar maƙoshi. Wannan aidin ɗin cikin kwana takwas rabin ƙarfinsa ke tafiya. Siziyom, wanda ke sa na'ura tsuwa har yanzu, sai ya shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi.

A 2016 aka kifa wa tukunyar wata ƙatuwar rumfar ƙarfe mai tsayin mita 108. Wurin fita daga yankin, kowa sai ya hau wata na'ura ya ɗora tafin hannu, ta tabbatar ba ya ɗauke da ƙura a jiki ko takalmi, sannan ƙofa ta buɗe.