Iskar da Ta Shigo ta Ɓarauniyar Hanya

Makanikai suna da wata kalma da ban taɓa cin karo da ita ba a shekaru huɗun da na yi a Samaru ina karatun harshe. Kalmar ita ce silo. Silo shi ne ɗan ƙugin nan da inji ke yi idan an tayar da shi aka saki totur, yana raye amma bai dosa ko'ina ba. A ƙananan baburan da suka cika titunanmu, masu silinda ɗaya, inji kan juya kimanin sau 1,400 a minti guda a wannan hali, taya kuwa ko motsi ba ta yi. Mai sayen babur ba ya tambayar silo. Gudu yake tambaya, da shan mai, da ko zai ɗauki buhu biyu ya hau tudu. Nawa babur ɗin yana da gudu, yana da ƙarfi, fentinsa har ɗaukar ido yake yi. Silo ne kawai ba shi da shi.

Na saye shi a watan Agustan 2023, wata uku bayan cire tallafin man fetur, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota kuma ya bi ta a guje. Na samu aikin koyar da Hausa a wata makarantar kuɗi a wajen Shika, gidanmu kuwa yana Tudun Wada, kuma lissafi ya nuna cewa in har motar haya zan riƙa shiga, albashin nawa direbobi zan riƙa karɓar wa. Aka haɗa abin da na tara a bautar ƙasa, da kwasar adashin mahaifiyata, da rancen da yayana ya ba ni bisa sharaɗin biya kaɗan-kaɗan. Saboda haka mutum uku ne ke kan babur ɗin duk inda na nufa, ko da ni kaɗai ake gani. Tare da makulli aka miƙo mini rasit da wani ɗan kati na garanti: wata shida ko kilomita 6,000, duk wanda ya riga cika, matuƙar an yi sabis a kan lokaci kuma babu wani hannun da ba na kamfani ba da ya kwance injin.

Cutar ta bayyana a mako na biyu, kuma tana da ɗabi'a. Da sassafe, in na ja cok na buga kik, sai ya tashi lafiya lau. Da zarar ya yi zafi na mayar da cok, to duk inda na kama kuloci na saki totur, sai ƙugin ya yi sama ya maƙale na ɗan lokaci, ya sauko, ya yi rawar ɗari, ya mutu. A kan hanya miƙaƙƙiya babu abin da za ka zarge shi da shi. Amma wanda ya san Kwangila da safe ya san ba wurin da babur zai mutu wa mutum ba ne: tirela a baya tana huci, adaidaita sahu a hagu da dama, kai kuma kana tsakiya da ƙafa ɗaya a ƙasa kana buga kik. Sau biyu a mako ɗaya na isa makaranta bayan an buga ƙararrawa, kuma a can minti yana da farashi.

Na koma wurin dilan da ya sayar mini a Sabon Gari.

"Alhaji, babur ɗin nan ba ya tsayawa a silo."

"Malam, a ina kake shan mai?"

Tambayar ke nan, kuma amsarta ba ta dame shi ba. Dole in yi masa adalci, domin zargin mai a ƙasar nan ba zargin banza ba ne. Kowa yana tune da farkon 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. Ga kuma 'yan bumburutu da galan-galan ɗinsu a bakin titi, waɗanda Allah kaɗai ya san abin da ke kwance a gindin jarkarsu. Ƙarfin wannan uzuri shi ne yana iya zama gaskiya a kowane lokaci, kuma katin garanti bai ɗauki alhakin gurɓataccen mai ba. Alhaji ya kira yaronsa, yaron ya ɗauko sukudireba ya murɗa sukurun silo ciki, inji ya ɗaga murya. "Ga shi nan ya gyaru," in ji shi.

Bai gyaru ba, an dai hana shi faɗin abin da ke damunsa ne. Ɗaga silo yana nufin an bar ƙofar kafireta a ɗan buɗe kullum, kamar mai riƙe da totur bai saki ba. Babur ya daina mutuwa, amma in na sa giyar farko sai ya yi ƙara kamar an buga guduma, in na tsaya sai ya yi ta kururuwa, zafin injin yana dukan ƙwaurina, tanki kuma yana ƙarewa kwana guda kafin lokacinsa.

A unguwarmu akwai wani dattijon makanike da ke aiki a ƙarƙashin darbejiya tun kafin a haife ni. Baba muke ce masa. Da na ba shi labari na nuna masa katin, sai ya mayar da sifanar da ya ɗauko cikin akwati, ya goge hannu.

"Ɗana, in na sa wa injin nan ƙarfe, na ba su hanyar kuɓuta. Da kunne za mu duba shi."

A nan na fahimci tarkon da ke cikin garanti irin namu. Wanda ya san ciwon ba shi da izinin taɓawa, wanda yake da izinin taɓawa kuma ba shi da wata riba a gano ciwon. Mai kaya yana tsakiya, an ce kada ya buɗe, an kuma ce ya kawo hujjar abin da ke ciki.

Baba ya sa na mayar da sukurun silo inda yake tun farko, tunda wannan ba kwance inji ba ne, muka bar babur ya yi zafi. Da ya fara rawar mutuwa, sai ya ce in ja cok kaɗan. Nan take ƙugin ya daidaita. Ya gyaɗa kai, ya yi mini bayanin da daga baya na tarar da shi a littattafai, sai dai nasa ya fi gajarta. Inji ba mai kaɗai yake sha ba, yana shan iska fiye da mai nesa ba kusa ba, wajen kashi goma sha biyar na iska ga kashi ɗaya na fetur idan da nauyi aka auna. Aikin kafireta shi ne ta riƙe wannan ma'auni. Cok yana karkatar da ma'aunin zuwa ɓangaren mai, saboda haka duk injin da ya yi zafi amma yake neman cok, to mai ya yi masa kaɗan ko iska ta yi masa yawa. Ya ce in kwance fulogi da ɗan makullin da ya zo cikin kayan babur ɗin, aikin da littafin kamfani da kansa ya bar wa mai babur. Bakin fulogin ya fito fari kamar an shafa masa alli, maimakon ruwan ƙasa-ƙasa irin na lafiyayyen inji.

Abin zargi ya rage biyu, kuma a kansu shari'ar tawa duka ta rataya. Na farko shi ne ƙaramin jet ɗin da ke ciyar da inji a lokacin silo. Ramin cikinsa bai kai kaurin allura ba, ƙwayar datti ɗaya ta isa ta toshe shi. In shi ne, to maganar Alhaji ta tabbata, laifin mai ne, gyara kuma daga aljihuna. Na biyu shi ne iska ta samu ɓarauniyar hanya tana shiga inji ta bayan kafireta, inda babu mai auna ta. In haka ne a babur ɗan mako uku, to da aibinsa aka sayar mini da shi. Alamarsu ɗaya, sai dai kowanne da wanda zai biya.

Dalilin da ya sa irin wannan iska ba ta nuna kanta sai a tsaye shi ne abin da ya fi burge ni a duk wannan lamari. Idan babur yana gudu, ƙofar kafireta a wangale take, iska na kwarara da yawa, ɗan abin da ya saci hanya ba ya canza komai, kamar a zuba moɗa guda a kogin Galma. A silo kuwa ƙofar kusan a rufe take, fistin yana zuƙa da ƙarfi bai samu isasshe ba, sai ya jawo ta duk inda ya samu kafa. Tsagar da ido ba ya gani sai ta zama rabin numfashin injin.

Baba ya sayi ruwan leda, ya huda kusurwarsa da haƙori. Ya sa na riƙe injin da rai da ɗan totur, ya fara tsirta ruwan a hankali: a gefen kafireta, babu canji, a saman baƙar robar da ke haɗa ta da kan inji, babu canji. Da ya durƙusa ya tsirta a ƙarƙashin robar, sai inji ya yi tari ya mutu. Muka maimaita sau uku, ina ɗauka da waya. Bai kwance ko noti ɗaya ba, kuma ya ƙi karɓar ko sisi. "Ai ban yi aiki ba," in ji shi.

Daga nan shawarwari suka yi yawa. Abokaina suka ce robar nan nawa take, in saya a Sabon Gari Baba ya sa mini, a wuce wurin. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri, kada in ja da masu kuɗi. Maganarsu tana da nauyi, amma akwai abin da ba su lissafa ba. Injin da iska ta yi wa yawa zafi yake yi fiye da kima, kuma nawa ya yi makonni a haka. In bawul ya ƙone bayan wata biyu, alhali an riga an canza roba a ƙarƙashin darbejiya, katin ya zama takardar ƙunsa ƙosai. Abin da nake karewa shi ne sauran watannin da na biya kuɗinsu a cikin farashin babur.

Ban da haka, akwai wani abu da yake ci mini tuwo a ƙwarya. A ƙasan rasit ɗin an buga da Turanci cewa kayan da aka saya ba a mayar da su, jimlar da kusan kowane kanti a ƙasar nan yake bugawa kamar doka ce. Alhali dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya masu aibi cikin wata uku, a gyara masa, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Kuma tun kafin a san da wannan doka, duk wanda ya zauna a zauren malam ya kai babin ciniki ya ji cewa wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da ba a bayyana masa ba yana da zaɓin mayarwa. Alhaji ya san wannan babi fiye da ni. Amma a kasuwa an mayar da aibin kaya ƙaddarar mai saye, wanda ya nemi haƙƙinsa kuma a ce ba shi da tawakkali. Ban yarda da wannan fassara ta haƙuri ba.

Na shirya kamar mai zuwa kare kundin digiri: rasit ɗin gidan mai na kowace rana, tambarin sabis ɗin farko na kilomita 500, hoton fulogi, da bidiyon ruwan leda. Da Alhaji ya kalli bidiyon sau biyu, sai ya daina maganar mai, ya rubuta mini takarda zuwa cibiyar gyara ta kamfanin a Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80.

Injiniyan da na tarar a can matashi ne kamar ni. Duk da bidiyon, ya ce ƙa'idarsu ita ce a fara da kafireta. Na ce, "Bismillah, Injiniya, amma a gabana." Aka kwance ta, ya ɗaga jet ɗin ya kalli haske ta cikinsa, tas yake. Sannan ya cire robar ya lanƙwasa ta da yatsa, sai ga tsaga ta buɗe baki a ƙasanta, daidai bakin ɗamarar ƙarfen da ke matse ta, tsawonta bai fi farcen yaro ba. Shi ya ce masu haɗa babur a kasuwa ne suka matse ɗamarar fiye da kima, tunda a kwali ake kawo su. Alhaji, da aka kira shi a waya, ya rantse a haka ta zo daga kamfani. Na bar musu wannan muhawara, domin ko wanne ya ci, sunana ba ya ciki.

Babu robar a ma'ajiyarsu, sai an aiko daga Legas. Aka mayar mini da tsohuwar, na dawo Zariya da ita, na yi kwana goma sha tara ina kewaye Kwangila da yatsa a kan cok. Tafiya ta biyu aka sa sabuwa, aka duba tazarar bawul aka ce lafiya, aka buga tambari a katin tare da rubuta abin da aka canza. Man zuwa Kaduna sau biyu da albashin kwana biyu da aka yanke mini sun ninka kuɗin robar sau da yawa, kuma babu layin da ya yi maganarsu a katin.

Tun daga lokacin kunnena ya canza. In na tsaya a cunkoso ina jin 'yan acaɓa suna ta murza totur a tsaye, fuu, fuu, abin da a da nake ɗauka gadara ce ta samari. Wasunsu gadarar ce. Da yawa kuwa injin ne ba zai rayu ba in sun saki, kuma suna biyan kuɗin wannan tsaga lita bayan lita, a kan baburan da mafi yawansu ba nasu ba ne, balas suke kai wa masu su kowace yamma.

Garantin ya ƙare a watan Fabrairu, ranar da agogon babur ke nuna kilomita 5,400 da 'yan kai. Washegari na kai wa Baba shi don canjin baƙin mai. Ya tayar da shi, ya bar shi ya yi zafi, ya sunkuyar da kai yana saurare kamar minti guda. Sannan ya ɗauko sukudireba, karo na farko da ƙarfensa ya taɓa babur ɗin, ya sassauta sukurun silo da rubu'in juyi.

"Yaran Kaduna sun bar shi da ɗan sama," in ji shi. "Kawo kuɗin mai, na aiki kuma ɗari biyar."