Fim Ya Tsaya Da Ƙafarsa Mana!

Jama'a masu kallo, akwai wata ɗabi'a ta masu shirya fim da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Mutum zai biya kuɗinsa ya zauna kallo, fim ya ƙare bai gane kansa ba, sai a ce masa ai sai ya kalli wancan tukuna, ko ya nemi wata hira da daraktan ya yi. To don Allah fim na saya ko jinga aka ba ni?

Ni a Kurfi na tashi, kuma na san wahalar ɗan kallo na ƙaramin gari. Zamanin kaset, fim zai ɗauko daɗi, ana gab da tona asirin kishiya, sai ka ga rubutu: mu haɗu a kashi na 2. Kashi na biyun nan sai mai shagon haya ya shiga Dutsin-Ma ko Katsina kafin mu gan shi. Akwai fim ɗin da har yau ban san ƙarshensa ba, don ci gabansa bai taɓa isowa garinmu ba. Yanzu kaset ya wuce, a waya ake tura mana, amma ciwon na nan. Kowane fim da kuɗin turawarsa, data da tsadarta, ga neman wurin caji.

Turawa ne suka kai abin ƙololuwa. Fim ɗin Avengers: Endgame na 2019 shi ne na 22 a jerin finafinan kamfanin Marvel, kuma wanda bai bi na baya ba rabin daɗin ya wuce shi. Wannan da sauƙi, tunda duk finafinai ne. Amma Doctor Strange na biyu da ya fito a 2022 ya jingina ne da WandaVision, shiri mai kashi 9 da aka nuna a Disney+ a 2021. Tare da ƙanena muka kalla. Tun daga farko yake tambayata, wai yaushe Wanda ta haihu da har take kashe mutane saboda 'ya'ya? Amsar tana cikin shirin da bai taɓa gani ba. Matar da ya kamata ya tausaya wa, mahaukaciya kawai ya ɗauke ta. Ka ga an yi asarar labari.

Duba Indiyawa kuma. Dhoom ya fito sau uku, a 2004 da 2006 da 2013. Abhishek Bachchan ne ɗan sandan a dukkansu, ɓarawon ne ke canzawa: John Abraham, Hrithik Roshan, sai Aamir Khan. Duk wanda ka fara da shi za ka gane, ka ji daɗi, sannan ka nemi sauran don kanka. Haka ake kama ɗan kallo.

Mu ma a gida mun san hanya. Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya zama fim a 1994. Iyayenmu mata da ba su yi boko ba sun kalla sun gane tsaf, ba wanda ya ce su karanta littafin tukuna. Waƙar Sangaya ta cika gari a 1999, ita ta ja mutane zuwa ga fim ɗin, amma labarin yana cikin kaset ɗinsa cif.

Na san wani zai ce ai masoyi na gaskiya ba ya ƙin bin diddigi. Gaskiya ne, ni ma ina son in tsinci wani abu a fim da sai wanda ya san na baya zai gane. Sai dai wannan yaji ne a kan tsire, kuma ba wanda ke biyan kuɗin nama a miƙo masa ƙullin yaji. Wani kuma zai kawo Labarina da Izzar So, waɗanda suka fara a 2020. Su ai tun farko sun faɗa mana masu dogon zango ne, da saninmu muka shiga. Abin da ba na so shi ne a kira abu fim, a karɓi kuɗin fim, alhali gutsure ne.

Don haka ina kira ga furodusoshi da daraktocinmu na Kano da Kaduna da Jos, kada ku kwaso wannan ɗabi'a. Idan kun gama tace fim, ku samo wanda bai san komai a kansa ba, ba ya bin ku a Instagram, bai ji waƙar ba, ku kunna masa. In ya iya ba da labarin daga farko har ƙarshe, ku sake shi kasuwa. In ya tsaya tambayar wane ne wannan, ku koma kan rubutu. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya sa a ji.