Ɗinki Layi Ɗaya

Idan aka fasa dilar gwanjo a Ƙofar Wambai, bakin hannun riga nake fara dubawa don in gane tsohuwa. Yawancin rigunan T-shirt na Amurka na kafin tsakiyar shekarun 1990 ɗinki layi ɗaya ne a wurin, na baya-bayan nan kuwa layi biyu. Masu jabu sun gano haka, suna kwaikwayo, abin yana damuna ƙwarai. Sai in juya wuya in taɓa tambarin, ko Screen Stars ko Hanes. Na asali ya koɗe tare da yadin, wanki ya tausasa shi. Zanen ƙirji ma yakan tsattsage inda aka saba ninke rigar. A zanen jabu kuwa, tsagar ko'ina iri ɗaya ce, fentin kuma da ƙarfi a yatsa.