Wai fim ɗin dariya ne

Masu saurare, ranar Asabar na tafka kuskure. Ƙanena ya turo mini Stree 2, fim ɗin Indiya na 2024, wai na ban dariya ne. Muka zauna tsakar gida da yara kan waya guda. Dariya kam mun sha ta, Rajkummar Rao gwani ne. Ashe akwai dodo marar kai mai sace mata. Tsakar dare aka ɗauke wuta, ɗiyata ƴar shekara shida ta farka da kuka, wai kan yana leƙowa ta taga. Har asuba ina rungume da ita, na tafi gidan rediyo ido jajur. Zamanin marigayi Ibro ko aljani ya fito, ka san wasa ne. Na yanzu kam, sai na fara kallo ni kaɗai tukuna.