Daga Shamuwa zuwa Ungulu: Shekara Guda a Sararin Magariya da Dungas

Matafiyin da ya bar Damagaram ya nufi kudu, ya ratsa Dogo da Bande zuwa Magariya, abin da zai fara cika masa ido shi ne gawo. Bayan farin 1984 manoman wannan yanki suka daina sare tohon itace a gonakinsu, har karkarar Magariya da Matamai da Mirriya ta zama abin misali a Sahel. Amma wanda ya ɗaga kai sama da rassan zai ga wani lissafin, domin tsuntsaye ne kalandar talakan nan.

Shekara tana buɗewa da shamuwa. Can cikin zafin bazara, wajen Afrilu ko Mayu, sai a wayi gari a gan ta bisa itacen tsakiyar gari tana jan kirare. Daga kudanci da gabashin Afirka take tahowa, kuma ba mai jifar ta, ko yaro mai ƙiriniya. Da ganin ta magidanci zai duba irinsa, ya kai hauya wurin maƙeri.

Ruwa na sauka, shirwa ta yawaita. Ranar da shinge ya tashi bayan ruwan dare, sai ka ga shirwa goma, ashirin, suna shawagi suna cafke shi da ƙafa, ba tare da sun sauka ba. Matan gida ba su ƙaunar ta saboda ƴan tsaki, mahauta ma sun san halinta a bakin tire. A lokacin gawo ya kaɗe ganyensa, ya bar wa gero rana, don haka kowane tsuntsu da ya sauka a kansa a fili yake.

Da kaka kuwa yaƙi ne. Jan-baki kan faɗa wa gero da dawa garke-garke, yara na ihu da majajjawa tun asuba. Kafin a gama ɗaure damma, shamuwa ta kwashe ƴaƴanta ta yi kudu.

Sai hunturu ya kawo baƙi daga nesa. Akwai wani siririn shaho mai ruwan toka, wanda Faransawa ke kira busard cendré. A gonakin alkama na Faransa da Holan yake ƙyanƙyasa, ya ƙetare teku da Sahara, ya zo yana bin saura ƙasa-ƙasa, kamar mai neman allurar da ta faɗi. Fara ce yawancin abincinsa: ma'aikacin gona ne da ba ya jiran albashi. A kwarin Korama, inda ake noman rake da kayan lambu, balbela na bin shanu, zalɓe na tsaye cikin ruwa. A tafkin Lasuri, wanda aka sa cikin jerin dausayin Ramsar a 2005, kirinjijiya da dinya na cuɗanya da agwagin Turai har ruwa ya ja baya.

A cikin wannan kalanda akwai gurbi guda da ya zama wayam. Ungulu ba ta da lokaci. Rani da damina tana nan bisa katangar mahauta. Dattawa na tuna zamanin da ake korar ta daga kasuwa da sanda. Yau ɗan kasuwa na iya kora dabbobi daga Dungas zuwa Maigatari ran Alhamis, ya komo, bai ga ko ɗaya ba. Wani masani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya ƙidaya tsuntsaye a hanyoyin Nijar da Mali da Burkina daga 1969 zuwa 1973, ya sake bin hanyoyin a 2003 da 2004, ya tarar manyan ungulaye sun ragu da fiye da kashi 90 cikin ɗari a wajen gandun daji. A 2015 aka sa ungulun gari cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: gubar da ake sa wa mushe don karnuka da dila, da kuma cinikin kai da ƙafar ungulu don tsubbu, wanda ke bin hanyoyin iyaka kamar kowace haja. Mushen da take share wa gari a yini guda, yanzu sai ya kwana uku yana wari, karnuka da ƙuda na rabo. Wannan magana ta shafi ma'aikacin gandun daji, da na duwan, da likitan dabbobi, da sarkin fawa.

Hausawa kan ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Tsamiyar tana nan, gawo ma ya komo da ƙoƙarin talakawa, ba tare da an tilasta musu ba. Mutanen da suka iya hana gatari taɓa toho, suka kuma hana yaro jifar shamuwa, ba za su kasa yi wa ungulu irin wannan alfarma ba.