Birkin Da Sai An Taka Sau Biyu

Akwai wata al'ada da ta zama jiki ga direbobin tsofaffin motoci a nan Kudancin Kaduna, wadda duk fasinjan da ya taɓa zama a gidan gaba ya gan ta da idonsa. Da zarar direba ya hango kwana ko shinge, sai ka ga ƙafarsa tana rawa a kan birki, ya taka ya saki, ya sake takawa, kafin motar ta yarda ta rage gudu. Sukan ce famfo suke yi, har wasu suna ɗaukar abin gwaninta ce. Ni dai da na daɗe ina riƙe da tsohuwar mota a Kafanchan, abin da na gani shi ne birkin da sai an taka sau biyu yake kamawa ba shi da lafiya, kuma irin laushin da ya yi shi ke nuna wa mai lura inda ciwon yake.

Motata Peugeot 504 ce, watau Fijo, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kakuri ta Kaduna a 1975, aka ci gaba har bayan shekarar 2000. Har yanzu ana ganin 'yan'uwanta suna ɗauko citta daga Kwoi da Kaciya, suna kai mutane Zonkwa da Kagoro da Gidan Waya. Ƙasar tamu kuwa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce irin ta Kano. Wanda ya taso daga Jos, garin da ke wajen mita 1,200 bisa teku, tilas ya gangaro, ko ta Manchok ko ta Hawan Kibo, kuma babu direban da bai ji labarin motocin da birki ya ƙwace musu a wannan gangara ba.

Kafin a nemi ciwo, sai a san yadda abin yake aiki. Idan mutum ya taka birki, wani ɗan famfo yake turawa, wanda makanikai ke kira masta, shi kuma ya tura man birki ta cikin siraran bututu zuwa ƙafafun motar guda huɗu. Ruwa ba ya matsuwa, saboda haka ƙarfin da aka sa masa a nan yakan isa can bai ragu ba, kamar yadda Blaise Pascal, wani masani Bafaranshe, ya bayyana tun ƙarni na 17. Iska kuwa tana matsuwa kamar soso. In ta shiga bututu, ƙarfin ƙafarka a kanta yake ƙarewa, taya ba ta ji komai ba.

Wata damina birkin motata ya fara laushi, a ranar kuwa na kai ta wurin wani dattijon bakanike wanda ya koyi sana'a tun zamanin da ma'aikatan reluwe suka cika garin. Bai ɗauki sifana ba tukuna. Ya shiga, ya tayar da inji, ya ɗora ƙafa a kan birki ya riƙe, yana ƙirga a zuci. Na ce, "Baba, me kake saurare?" Ya ce, "Malam, birki da ƙafa ake jin maganarsa."

A nan ya rarrabe mini laushi iri huɗu. In birki ya yi kamar ka taka katifa, amma ya yi tauri bayan an yi masa famfo, iska ce a ciki, ko kuma shu na baya ya ci har ya yi nisa da gangarsa. In ka taka ka riƙe, ƙafarka tana nutsewa sannu a hankali har ƙasa, alhali man bai ragu a kwalbarsa ba, to, robobin cikin masta sun gaji, man yana zagayawa ta bayansu. In man yana raguwa, akwai yoyo, sai a leƙa bayan kowace taya a nemi danshi, a bi bututun ƙarfe a duba tsatsa, a sa wani ya taka a ga ko bututun roba yana kumbura. In kuwa birki lafiya yake da safe, sai bayan doguwar gangara ya tafi ƙasa, man ne ya sha ruwa.

Wannan na huɗu shi ya fi ba ni tsoro, domin ba ya nuna kansa a cikin gari. Man birki yana jawo danshi daga iska, mu kuwa a Kafanchan ruwan sama ba ya yi mana rowa. Irin wanda aka rubuta wa DOT 3, in sabo ne, ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa zuwa wajen 140. A kan gangara da kaya, birki ya yi zafi, ruwan ya zama tururi, tururi kuwa iska ne. Shi ya sa ake canza man duk shekara biyu, kuma ake sauka gangara da ƙaramar giya.

Tawa motar, robar ƙaramin famfon da ke cikin gangar baya ta dama ce ta yage, man ya jiƙa shu. Dattijon ya canza famfon, ya canza shu na ƙafafun baya duka biyu, domin wanda ya sha mai ba ya wankuwa, kuma in aka canza ɓangare guda mota za ta riƙa ja gefe. Sa'an nan aka zo fitar da iska, aikin mutum biyu. Yaronsa ya zauna a kujerar direba, shi yana ƙarƙashi yana kira, "Taka! Riƙe! Saki!" Yana kwance ɗan noti ne lokacin da aka riƙe, ya ɗaure kafin a saki. Ya fara da ƙafar da ta fi nisa da masta, watau ta baya ta dama ga mota mai sitiyari a hagu, irin da muke tuƙawa tun da Nijeriya ta koma bin hannun dama a 1972. Bai bar kwalbar ta ƙafe ba, bai kuma mayar da man da ya fito ba, har kumfa ta daina fita.

Na san abin da ke sa direban haya jinkiri. Kuɗin kayan gyara ya hau, mai mota yana jiran nasa da yamma, iyali suna jiran cefane. Daga nan ne ake samun masu zuba ruwan sabulu a madadin man birki, da masu toshe bututun da ke yoyo da ƙusa su bar mota da birkin ƙafa uku, da masu zuba baƙin mai, wanda yake kumbura duk robobin ciki ya lalata su. Amma araha ba ta ado. Ruwan sabulu a digiri 100 yake tafasa, yana kuma cinye bututu da tsatsa, a motar da ta ɗauko matan da suka ci kasuwar Kafanchan da 'yan makaranta.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba za ta iya taka birkin kowace mota ba. Wannan aikin mai mota ne da direbansa, kuma bai fi minti ɗaya ba kowace safiya: a buɗe gaban mota a duba kwalbar mai, a tayar da inji, a taka a riƙe. In ƙafa ta tsaya cak a tsakiya, a kama hanya. In ta nutse, gareji ya kamata a nufa kafin tasha. Shugabannin direbobi a tashoshinmu su ma suna da ikon hana irin wannan mota lodi, fasinja kuma da ya ga ana famfo yana da haƙƙin ya yi magana, ko ya sauka. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kai kowa gida lafiya.