Abin da Ƙwaya Ba Ta Iya Yi Mini Ba

A ƙasarmu, idan ƙwaƙwalwar mutum ta taɓu, hanya biyu ake nuna wa danginsa: ko a kai shi wajen malam a yi masa ruƙya, ko a kai shi asibiti a ba shi ƙwaya. Akwai ta uku da ba a cika ambato ba, wato ya riƙa zama da masanin halayyar ɗan Adam suna tattauna yadda zai rayu da ciwonsa. Ni tun ranar da likita ya ce baifola ce ke damuna aka nuna mini wannan hanya, amma na daɗe ina jan ƙafa. Wannan rubutu na wanda aka yi wa irin wannan albishir mai ɗaci ne kwanan nan, yana riƙe da takardar magani, yana tambayar kansa ko dole ne sai ya je ya zazzage wa baƙo cikinsa.

Baifola cuta ce mai jefa mutum tsakanin hali biyu. Akwai lokacin tashi: barci ya ƙaurace amma babu gajiya, baki ya ƙi rufuwa, tunani na tsere, kuɗi na zurarewa, mutum ya ga babu abin da ya fi ƙarfinsa a duniya. Akwai kuma lokacin faɗuwa, inda ko wanka sai ya zama aiki, abinci ya fita daga kai, rai ya yi baƙi ƙirin. A tsakani mutum na iya yin watanni ko shekaru lafiya ƙalau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da ita. Galibi tana fara nuna kanta ne a ƙuruciya, kuma a wasu gidajen tana bin jini.

Ni malamin makaranta ne. A tashin da ya kai ni asibiti, na ci bashin abokan aiki don kafa gidan kaji alhali ko fili ba ni da shi. Na riƙa buga wa tsofaffin ɗalibaina waya da tsakar dare ina raba musu muƙamai a kamfanin da babu shi. Na ɗaga wa surukina murya a bainar jama'a. Daga nan sai na faɗi warwas, na kasa ko leƙa aji. Hajiyarmu ta ce sammu ne, aka yi ta karatu da addu'a, kuma har yau ina gode musu, don ba su bar ni ni kaɗai ba. Yayana ne ya ce a haɗa da asibiti. Likita ya ɗora ni a kan litiyam, maganin da wani likitan Ostareliya, John Cade, ya fara bayyana amfaninsa a 1949, kuma har gobe yana cikin na gaba-gaba. Sharaɗinsa shi ne a riƙa awon jini a kai a kai, a kuma riƙa duba ƙoda. Alhamdulillahi, ya karɓe ni. Barci ya dawo, harshena ya lafa.

To, tunda sauƙi ya samu, me zan je yi wajen mai hira? Haka na riƙa faɗa wa kaina. A ƙarƙashin wannan hujja kuwa akwai wasu da ban iya furtawa ba. Mu an raine mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Magidanci ya zauna gaban wata mace da bai haɗa komai da ita ba yana gaya mata abin da ke tsakaninsa da iyalinsa, wannan a idona tonon silili ne. Na kuma ji kamar kai kuka ga ɗan Adam raunin tawakkali ne, duk da cewa ban ji haka ba sa'ad da nake haɗiyar ƙwayar da ɗan Adam ya rubuta mini. Ga kuɗin mota, ga neman izini a wurin aiki.

Rayuwar gida ce ta karya mini gardama. Ƙwaya ta kashe gobarar, amma ba ta kwashe tokar ba, ba ta kuma nuna mini daga ina wutar ke tashi ba. Masu bina bashi na nan. Surukina ya daina amsa gaisuwata da sakin fuska. Duk ranar da na yi dariya da ƙarfi, sai in ga maiɗakina ta ɗago kai tana kallona. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na fara kewar lokacin tashi. Duniya ta yi mini lami, sai zuciya ta fara raya mini cewa ƙwayar nan ce ta dushe ni, in ɗan huta da ita mana. Da na gaya wa likita, sai ya ce: "Malam, ni zan daidaita maka magani, amma dubi layin da ke waje. Ba ni da lokacin da zan koya maka zama da ciwon nan. Akwai waɗanda aikinsu ke nan." Gaskiya ya faɗa. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal, ga jama'a sama da miliyan 200.

Ranar da na je wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam, na shiga ɗakinta ina jiran a ce in fara ba da labarin ƙuruciyata. Sai masaniyar ta miƙo mini takarda mai layi-layi, ta ce kullum in rubuta lokacin da na kwanta, lokacin da na tashi, da yadda na wuni. Da takardun suka taru, muka zauna muna bin su tare da tarihin tashe-tashena na baya, sai ga abin da ban taɓa lura da shi ba: ciwona yana sallama kafin ya shigo. Barci ne ke fara raguwa, sai sababbin dabarun kasuwanci su fara zuwa, sai in fara katse mutane a tsakiyar magana. Wani nasa alamomin daban ne, shi ya sa babu mai karanta maka su a littafi. Muka rubuta yarjejeniya: idan barcina ya ragu dare biyu a jere kuma ban ji gajiya ba, a kira likita, katin cire kuɗi ya koma hannun maiɗakina, babu sa hannu a wani ciniki sai Yaya ya gani. Na amince da wannan ne ina cikin hankalina, don in ɗaure mutumin da zan iya zama gobe.

Daga baya na fahimci cewa ba ita ta ƙirƙiro wannan salo ba. A Basalona ta ƙasar Sifaniya, Francesc Colom da Eduard Vieta sun wallafa bincike a 2003 da ya nuna cewa masu shan magani da aka haɗa musu da zaman koyon sanin ciwonsu ba su cika komawa ciki ba kamar waɗanda ba a koya wa ba. A Amurka, Ellen Frank ta gina nata tsarin a kan daidaita lokutan barci, cin abinci da hulɗa da jama'a, shi kuwa David Miklowitz ya gina nasa a kan shigo da iyali. Ko a nan gida, tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa a gefe. Ashe sa dangi cikin jinya ba baƙon abu ba ne gare mu.

Zaman da ya fi mini nauyi shi ne wanda aka ce in zo da maiɗakina. Ta daɗe tana wasa da bakin mayafinta, sannan ta ce: "Malam, ni ba ciwon nake tsoro ba. Tsorona ranar da zan ce maka ka canza, ka ce raini ne." A gida ba za ta taɓa iya faɗin wannan ba, ni ma da ba zan tsaya in ji ba. A ɗakin ne aka ba ta izinin faɗa, ni kuma na ɗauki alƙawarin saurare. A nan kuma na koyi raba ciwo da alhaki. Ba ni na zaɓi cutar ba, don haka na daina tsine wa kaina. Amma bashin da na ci sunana ke kai, don haka na tsara biyansa kaɗan-kaɗan, na kuma je na durƙusa gaban surukina.

Har azumi sai da muka tattauna. Tashin sahur da tsayuwar dare suna karya tsarin barci, sannan rashin ruwa a jiki, musamman in watan ya faɗo cikin bazara, yana iya sa litiyam ya taru a jini har ya yi illa. Ba ta ba ni fatawa ba. Cewa ta yi in koma wurin likita kafin watan ya kama, in kuma je wa malamina da abin da likita ya faɗa. Haka na yi, kowa ya tsaya a fagensa. Daga ranar na daina ganin zaman a matsayin kishiyar addu'a.

Sai dai zaman tattaunawa yana da iyaka, kuma dole in faɗe ta. Ba ya maye gurbin magani. Duk wanda ya ce ka ajiye ƙwaya shi zai warkar da kai da baki, ko mai digiri ne ko mai carbi, ka kama gabanka. Wanda ke tsakiyar tashi magana ba ta shigarsa, likita yake buƙata da gaggawa, hira sai ya sauko. Wanda zuciyarsa ta fara raya masa ya halaka kansa, kada ya jira ranar zama, a kai shi asibiti a ranar. Maganin ciwon damuwa shi kaɗai yana iya tunzura mai baifola ya tashi, don haka kada a saya a kemis bisa shawarar aboki. Mace mai shirin ɗaukar ciki ta gaya wa likitanta tun da wuri, domin wasu magungunan ciwon suna cutar da ɗan tayi. Kuma ba kowane masani ne jininku zai haɗu ba. In ka ga ana raina ka ko ana raina addininka, nemi wani. Ka tambayi wanda za ka zauna da shi ko ya saba aiki da masu baifola, da kuma wa zai ga abin da yake rubutawa, domin riƙe sirrinka wajibi ne a aikinsa.

Ta ina za a fara? Ta wajen likitan da ya gano ciwon. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri. Akwai na Dawanau a Kano, sannan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano suna da sashen ƙwaƙwalwa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙin a mutunta shi. Idan garinku babu masani, ko aljihu bai kai ba, kada ka ce shi ke nan. Sayi littafin rubutu ka fara lissafin barcinka, zaɓi mutum ɗaya a gida da ka yarda ya gaya maka gaskiya, ka riƙa zuwa da shi ganin likita, ku roƙi likitan ko ma'aikaciyar jinya su taimaka muku ku rubuta alamominka da matakin da za a ɗauka.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in an gaya maka baifola ce, shawarata ita ce ka sha maganinka, ka riƙe addu'arka, kuma da zarar ka samu natsuwa ka je zaman. Kada ka jira sai ciwon ya sake kayar da kai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.